Labarin Lambobi Masu Bin Juna, Daga Babila Har Katsina

A ƙasar Gwaram, can kudancin Jihar Jigawa, akwai wani gari wai shi Maruta. In ka taso daga Kano, sai ka wuce Birnin Kudu tukuna kafin ka kai. Wata shekara da kaka na sauka a garin nan wurin wani aminina. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai wani dattijo mai lambu ya kawo wa jama'a wata tambaya. Ya ce, "Na dasa mangwaro layi-layi. Itatuwan da ke cikin kowane layi sun fi yawan layukan da guda ɗaya tak. Da na ƙidaya su duka na sami 156. To, layi nawa ke nan, itace nawa kuma a kowane layi?"

Wuri ya yi tsit. Akwai wani saurayi ɗan makaranta da ya zo hutu, ya karɓi takarda da fensir, ya rubuta harafin nan x, ya shiga zane-zane. Ya ce wannan ai aljabra ce, lissafin Turawa, ba a yinsa da ka. Kafin ya kai rabin takarda, wani malami wanda ya saba raba gado a garin ya ɗan motsa yatsunsa, ya ce, "Goma sau goma sha ɗaya, ɗari da goma, bai kai ba. Sha ɗaya sau sha biyu, ɗari da talatin da biyu, da saura. Sha biyu sau sha uku, ɗari da hamsin da shida. Alhaji, layukanka sha biyu ne, kowanne da itace sha uku." Aka yi dariya. Jim kaɗan yaron shi ma ya iso inda malam ya iso, yana sharce gumi.

Tun ran nan abin ya tsaya mini a rai, gama na ga kowannensu yana da gaskiya, kowannensu kuma da inda ya gaza. Hanyar malam ta lalube ce. Tana da sauri in adadin ƙarami ne, amma da dattijon nan ya ce 41,820, da mun kai isha muna jira. Yaron kuwa hanyarsa ba ta tsoron yawan adadi, sai dai ya yi kuskure wajen tarihi. Lissafin nan ba Turawa suka fara shi ba, kuma an yi shekaru dubbai ana yinsa da magana zalla, kamar yadda dattijon Maruta ya faɗe shi, kafin kowa ya rubuta x.

Bari in fara nuna muku hanyar, don in kun gane ta labarin zai fi daɗin ji. Ku sami tsakuwa ko 'ya'yan dara, ku gwada da ƙaramin adadi. Ku jera layi 3, kowane layi da tsakuwa 4, watau 12 ke nan. Ku yi irin wannan jeri har guda huɗu. Sa'an nan ku haɗa su wuri ɗaya, na fari a kwance, na biyu a tsaye a gefensa, na uku a kwance, na huɗu a tsaye, suna kewaye da juna kamar yadda a ke ɗaure bakin rijiya da itace. Za ku ga sun tashi murabba'i sosai, tsawo da faɗi daidai, tsakuwa 7 ta kowane gefe, sai gurbi ɗaya da ya rage a tsakiya. Ku duba: 12 sau 4 ya ba da 48, a cike gurbin nan ya zama 49, watau 7 sau 7. Bakwai ɗin kuwa ba kome ba ne sai 3 da 4 da aka tara.

Haka za a yi wa lambun Alhaji. A ninka 156 sau 4, a sami 624. A ƙara ɗaya, 625. Sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 625. Irin wannan lamba ita a ke kira saiwa, a nan kuwa 25 ce. To, 25 ɗin nan ita ce jimlar lambobin biyu da mu ke nema. A cire ɗaya a raba biyu, ga 12, maƙwabciyarta 13. Wanda ya ke so ya gwada 41,820 zai tarar saiwar 409 ce, lambobin kuwa 204 da 205. Af, ga wata 'yar dabara da za ta yi muku amfani. Duk lambobi biyu masu bin juna da aka ninka, abin da ya fito ya kan ƙare da 0, ko 2, ko 6, ba ya ƙarewa da wani abu dabam. Da Alhaji ya ce itatuwansa 154 ne, da sai mu ce ya koma ya sake ƙidaya, ko kuwa awaki sun ci biyu.

Mafarin abin da aka sani na wannan lissafi yana ƙasar Babila, inda Iraƙ ta ke yau, tsakanin kogin Dijla da na Furatu. Mutanen can ba su da takarda. Su kan murza yumɓu su yi ɗan allo, su danna masa rubutu da bakin kara tun yana ɗanye, sa'an nan ya bushe. Da ya ke yumɓu ba ya ruɓewa, gara kuma ba ta cinsa, sai aka tono dubban allunan nan a zamanin baya-bayan nan. Akwai ɗaya a babban gidan kayan tarihi na Landan wanda ya fi shekara 3,500, an ba shi lamba 13901. Wani masani Bafaranshe, Thureau-Dangin, ya karanta shi ya bayyana wa duniya abin da ke ciki a 1936. Ashe allon makaranta ne, cike da tambayoyin lissafi a kan filaye masu kusurwa huɗu.

Tambaya ta biyu a allon nan ita ce ta fi ba ni mamaki. Ana maganar fili ne mai tsawo da faɗi daidai, an ɗebe tsawon gefe ɗaya daga girman filin duka, abin da ya rage 870, ana neman tsawon gefen. Amsa 30 ce, gama 30 sau 30 ya ba da 900, a cire 30 saura 870. Amma ku lura, 870 ɗin nan shi ne 29 sau 30. Watau tambayar Maruta ce sak, ta sake riga kawai. Malamin Babila ya ce a ɗauki rabin ɗaya, a ninka shi da kansa a sami rubu'i, a ƙara a kan 870, a nemi saiwa, a sami 29 da rabi, a ƙara rabin nan, ga 30. Bai faɗi dalili ba. Ya dai ce yi kaza, yi kaza, kamar yadda uwa ke koya wa 'yarta miya. Ƙidayarsu ma ba irin tamu ba ce, da sittin-sittin su ke tafiya, saboda haka 870 a wurinsu sittin 14 ne da 30. Gādonsu ne mu ke ci har yau duk sa'ad da muka ce minti 60 ne awa guda.

Daga nan sai mu tsallake ƙarnuka masu yawa, mu bar Yunanawa da mutanen Indiya ko da ya ke kowannensu ya sa hannu, mu sauka a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun ɗan Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. A cikin malaman da ke aiki a ƙarƙashinsa akwai Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi. Sunan nan na ƙasar Khawarizm ne, wadda ke wajen Uzbekistan ta yau. Wajen shekarar 820 ya wallafa wani ɗan littafi a kan lissafin jabru da muƙabala, ya kuma bayyana tun a farkonsa cewa don amfanin jama'a ya yi shi: masu rabon gado da wasiyya, da masu shari'a, da 'yan kasuwa, da masu awon gona da haƙar magudanar ruwa. Kashi mai yawa na littafin ma duk a kan wasiyya da gado ya ke.

Kalmomin nan biyu ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe in an fassara su. Jabru a Larabci shi ne ɗori, irin wanda maɗori ke yi wa ƙashin da ya karye. Ku ɗauki lissafi kamar ma'auni mai kwano biyu da suka yi daidai. In an ce wani abu da aka ɗebe masa 3 ya yi daidai da 10, to gefe ɗaya yana da karaya. Sai a ɗora shi, a mayar masa da ukun nan, a ƙara wa ɗaya gefen ma uku don kada ma'auni ya karkata, abin ya fito 13. Muƙabala kuwa, wadda mu muka sani da zaman malamai biyu su fuskanci juna da hujja, a lissafi ita ce a fuskantar da gefen nan biyu, duk abin da ke nan kuma yana can a kashe shi.

Abin da ba a sani ba, wanda yaron Maruta ya kira x, Al-Khawarizmi ya kan kira shi shai'u, watau abu, ko jizru, watau saiwa. In an ninka abin da kansa sai ya kira shi malu, watau dukiya. Lambobin da aka sani kuwa sau da yawa dirhami ya ke ce musu. Babu alama ko ɗaya a littafin, kome da kalmomi aka rubuta shi. Misalinsa da ya fi shahara shi ne dukiya da saiwoyinta goma da suka tashi dirhami 39. Rabin goma 5, a ninka shi da kansa 25, a tara da 39 a sami 64, saiwarsa 8, a cire biyar ɗin nan saura 3. Ku gwada: 3 sau 3 tara, 3 sau 10 talatin, jimla 39. Ga wani kuma, a raba goma kashi biyu yadda in an ninka kashi ɗaya da ɗayan za a sami 21, amsa 3 da 7.

Wani zai ce, to ai matakan nan su ne na Babila, me ya ƙara? Ya ƙara abu biyu, kuma su ne suka ɗaukaka shi. Na fari, ya tattara dukan tambayoyi irin waɗannan ya nuna cewa iri shida ne kaɗai, kome yawan rigunan da suka sa. Wanda ya iya shidan nan, ko an zo masa da maganar mangwaro, ko ta shanu, ko ta gado, aikinsa kawai ya tuɓe wa tambayar riga ya ga wace iri ce. Na biyu, ya zana murabba'i ya nuna dalilin da ya sa hanyar ta ke fita daidai, kusan kamar yadda muka yi da tsakuwa ɗazu. Ya mai da abin ilmi wanda kowa zai iya bincikawa da idonsa. Abu guda ne bai karɓa ba, lambar da ta gaza sifiri. Yaron Maruta da ya gama aikinsa amsa biyu ya samu, 12 da kuma bashin 13, gama bashin 13 sau bashin 12 shi ma 156 ya ke bayarwa. Wani malamin Indiya, Brahmagupta, ya riga ya rubuta ƙa'idodin irin waɗannan lambobi tun 628, yana kiransu bashi. Amma a nan ina bayan mutumin Bagadaza, don ban taɓa ganin lambu mai bashin layi goma sha uku ba.

Littafin ya yi tafiya. A 1145 wani Bature mutumin Ingila, Robert na Chester, ya juya shi zuwa Latin a garin Segovia ta ƙasar Sifen. Daga kalmar aljabru Turawa suka sami sunan fannin, daga sunan mawallafin kuma suka sami kalmar algoridim, wadda masu aikin kwamfuta ke yawan faɗi yau. Wani ɗan fatake mutumin Italiya, Leonardo na Pisa, ya koyi lissafi a Bijaya, bakin teku a ƙasar Aljeriya, ya koma gida ya rubuta nasa littafin a 1202. Alamomin ma ba a Turai kaɗai aka fara su ba. Malaman Magrib sun daɗe suna taƙaita kalmomi da haruffa, kamar yadda a ke gani a littattafan Al-Ƙalasadi, mutumin Andalus da ya rasu a ƙasar Tunis a 1486: shinun a madadin shai'u, mimun a madadin malu, jimun a madadin jizru. Layukan nan biyu da ke nufin daidai, Robert Recorde ya fito da su a Ingila a 1557. Shi kuwa x ɗin da yaronmu ke taƙama da shi, sai a 1637 Descartes Bafaranshe ya ba shi wannan aiki. Ku auna da allon Babila ku ga, ashe jiya-jiya aka haife shi.

To, mu fa? Shaidar farko tana bakinmu. Kakanninmu da gomiya su ke ƙidaya, gomiya biyu, gomiya uku, su kan ce hauya in wuri ya kai 20, keso in ya kai 20,000. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har metan da sifiri, duk daga Larabci muka karɓo su, haka nan rubu'i da sulusi da sudusi da sumuni. Kalmomin nan na ƙarshe ta ƙofar rabon gado suka fi shigowa, gama duk almajirin da ya karanta Risala ko Muhtasar ya iske babin gado, babin nan kuwa tambayoyin lissafi ne da baki tun daga farko har ƙarshe. Mutum ya rasu ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba. Mata tana da sumuni, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. A yi asali da 24: mata 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. A tara, sai ga 27, rabo ya fi dukiya. Sai a yi aulu, a raba dukiyar kashi 27, kowa ya ɗan rage. Malamin da ke warware wannan a zaure, marayu na zaune suna jiran hakkinsu, aikin da Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa dominsa shi ya ke yi, ko bai taɓa jin sunansa ba.

Amma muna da wanda ya wuce nan. Katsina a ƙarni na 17 da na 18 gari ne na malamai, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, hasumiyar Gobarau ma tana nan tsaye har yanzu. A ƙasar nan aka sami wani malami Bafillace, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa suka sani da Al-Kashinawi, watau Bakatsine. Cikin malamansa akwai Shaihu Muhammadu Alwali na Bagarmi, da Shaihu Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi da sanin lokatai da ilmin aufaƙi bisa hanyar malaman Magrib. Ya tafi hajji wajen 1730, daga baya ya zauna a Alƙahira. Can ya sauka a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, wanda shi kansa gwani ne na lissafi da ilmin taurari a cikin malaman Azhar. Duk da haka mai masaukin ya zauna gaban baƙonsa ya ɗauki karatu. A gidan nan Bakatsine ya rasu a 1741, ya bar wa Shaihu Hasan wasiccin littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda aka haifa shekara 12 bayan rasuwar, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuwa sa labarin baƙon ubansa a cikin littafinsa. Ta nan muka san yawancin abin da muka sani game da shi.

Littafinsa da ya shafe mu shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732 a kan aufaƙi, abin da mu ke kira hatimi. Hatimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, amma mutane kaɗan ne suka lura cewa da lambobi masu bin juna a ke gina shi. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida tara, daga 1 zuwa 9:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ku tara ta kowace fuska, a kwance, a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. Mutanen Sin sun san wannan tun zamanin da, malaman Basra da a ke kira Ihwanus Safa kuma sun zana irinsa har zuwa mai gida tara ta kowane gefe a ƙarni na 10. Bakatsine ya bayyana hanyoyin gina waɗanda gefensu mara ne, watau 3, 5, 7, 9 da sauransu, yadda mutum zai san inda zai ajiye 1, da inda kowace lamba za ta bi 'yar'uwarta, har gidaje su cika ba tare da lalube ba.

Ina 15 ta fito? A nan ne hatimi ya haɗu da lambun Alhaji. In kana so ka tara lambobi daga 1 zuwa wata lamba, ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba. Ka ninka ta ƙarshen da mai bi mata, ka raba biyu. Daga 1 zuwa 9: 9 sau 10 casa'in, rabinsa 45. A raba wa layi uku, kowanne 15. Mai gida 25: 25 sau 26 ya ba da 650, rabinsa 325, a raba wa layi biyar, 65. Mai gida 49: 49 sau 50 ya ba da 2,450, rabinsa 1,225, a raba wa layi bakwai, 175. Dalilin kuwa a fili ya ke. Ka jera tsakuwa 1, ƙarƙashinta 2, ƙarƙashinsu 3, har zuwa 9, kamar matakala. Ka yi wata matakalar irinta ka kifa a kan ta farko, sai su zama layi 9 kowanne da tsakuwa 10. Ashe duk mai buga hatimi, kafin ya ɗiga tawada a gida ko ɗaya, sai ya ninka lambobi biyu masu bin juna.

Ba nan aikin ya tsaya ba. A wurin masu wannan fanni kowane harafin Larabci yana da adadinsa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa dubu. Sai a zo wa malami da kalma, a ce ya gina hatimin da kowane layinsa zai ba da adadinta. Misali, haruffan sunan Allah adadinsu 66 ne. Daga wace lamba za a fara? Ƙa'idar da a ke bi ita ce a cire 12, a raba saura uku. A cire 12 daga 66 saura 54, sulusinsa 18. Sai a jera daga 18 zuwa 26 a gurbin 1 zuwa 9:

21  26  19
20  22  24
25  18  23

Ku dubi layin da ya ratsa daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama: 21, 22, 23. Wannan ita ce tambayar da a ke ba yara a makaranta, a ce lambobi uku masu bin juna jimlarsu 66, a nemo su. In kuwa adadin bai rabu uku daidai ba, to lambobi masu bin juna ba za su cika hatimi mai gida tara ba ko an kwana ana gwadawa, don lambar tsakiya kullum sulusin jimlar layi ce.

Maganar abin da a ke yi da hatimi bayan an rubuta shi, malamai sun yi saɓani a kanta tun da daɗewa, na bar musu. Lissafin da ke ciki shi ne nawa, shi kuwa babu shakka a kansa. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da ba shi da daɗi. Muhammadu na Bagadaza ya rubuta littafinsa don alƙali da ɗan kasuwa da mai awon gona, ya buɗe dalilin kowace ƙa'ida, sai ilminsa ya shiga makarantun duniya duka. Muhammadu na Katsina ya hori almajiransa su yi naci kada su gaji, wannan kuwa horo ne mai kyau, amma ya kuma hore su da su riƙe abin a asirce. A ganina wannan ya cuce mu. Ilmin da a ke bayarwa a raɗa, ƙa'ida ba dalili, in mai shi ya mutu rabinsa ya kan bi shi kabari. Shi ya sa mutumin da malaman Azhar suka girmama ya zama baƙo a ƙasarsu, har sai da Malam Hassan Gwarzo ya yi rubutu a kansa a Ibadan a 1967, wata malamar lissafi Ba'amurkiya kuma, Claudia Zaslavsky, ta sa shi cikin littafinta na lissafin mutanen Afirka a 1973. Kofen littafinsa ɗaya yana ajiye a wata makarantar Jami'ar Landan.

Kashegarin ranar tambayar mangwaro na koma wurin malamin nan na Maruta, na tarar da shi da yaron a zaure. Na kawo maganar cire 12 a raba uku. Malam ya yi murmushi ya ce tun yana yaro ya karɓe ta wurin mahaifinsa, amma ba a taɓa gaya masa inda sha biyun ta fito ba, shi kuwa bai ga fuskar tambaya ba. Yaron bai taɓa lura da hatimi ba, sai da malam ya share ƙasa ya zana masa mai gida tara da yatsa. Ya duba, ya duba, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta malam, a ba ni izini in gwada. Mu kira lambar farko abu. Ta tsakiya ita ce ta biyar a jeri, watau abu da 4. Ta gabanta abu da 3, ta bayanta abu da 5. In an tara ukun nan, abu uku ne da 12. To, in an cire sha biyun nan aka raba uku, ai abu ne zai rage."

Malam ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Yaro, sake faɗi a hankali." Ya sake. Malam ya share zanen, ya ja layi shida a tsaye, shida a kwance, gida 25 suka fito, ya ce, "To, wannan fa, nawa za a cire?" Ni na san 60 ne, a raba saura biyar, amma na yi shiru. Suna kai har ladan ya kira magariba.